Rijiyar da Muka Rufe

Ba sammaci aka kawo masa ba.
Surukina, Orrin Vandermolen, shi da kansa
ya ɗaga waya ya ce a zo a duba gonarsa,
gonar nan ta bayan garin Zeeland
inda masara ke tsayuwa sahu-sahu har bakin kwalta.
Maƙwabcinsa Dirk ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Yau kaza ta aika a kira mata mai wuƙa."

Ranar Laraba Lorna Pickett ta iso
da takalmin roba da allon rubutu.
Ba ta taɓa kofin shayinta ba sai da ta ga rumbun taki.
Ta taka daga tankin mai zuwa famfo
tana ƙirga sawu kamar mai jan carbi,
ta tsaya, ta ce, "Sun yi kusa."
Orrin ya ce shekara arba'in tankin yana nan.
Ta ce, "Ruwan ƙasa bai san shekara ba."

Ni ina biye da su, igiyar awo a hannuna,
ni da na tashi a fadamar Kura,
na tuna hannun nan yana ɗauraye tankin feshi
a kwatar da yara ke wanka.
Na yi shiru. Na ja igiya.

Bayan tsohon garke, ƙarƙashin ruɓaɓɓun katakai,
ƙafarta ta ji rami.
Rijiya.
"Babana ya haƙa ta," in ji Orrin,
"da shebur ɗaya da taurin kai."
Ta leƙa, ta ce bakin nan a buɗe yake
har zuwa ruwan da unguwa duka ke sha.
Sannan ta rufe allonta:
"Ba dole. In ka ce a'a, in kama hanya.
Ba tara, ba kotu."

Abin da ya fi ci masa rai ke nan.
Da dole ce, da ya sami wanda zai zaga.

Mako uku bai tada zancen ba.
Sai ya fara da masu sauƙi:
ya zuba siminti ƙarƙashin tanki a sabon wuri,
ya bar kunya goma sha biyu a bakin magudana
ya shuka ciyawa inda masara ta saba,
ya lissafa asarar a bayan ambulan
ya cusa ta aljihu, ya sake ciro ta, ya sake cusawa.
Rijiya ce ta ƙarshe.

Da asuba, kafin motar yumɓu ta zo,
ya zura guga sau ɗaya,
ya cika wata kwalbar zuma da aka wanke.
Suka fara zubawa.
Ƙarar tana tasowa daga can ƙasa,
tana matsowa, tana sirancewa,
har ta zo daidai takalmanmu ta yi shiru.
Ya cire hula. Ya ce zafi ake yi.
Watan Oktoba ne.

Allon shaida ya zo da bazara,
ya kafa shi a bakin hanya, a ɗan karkace.
Dirk ya tsayar da motarsa:
"Nawa suka biya ka?"
"Allon ke nan."
Dirk ya daɗe yana kallon magudana,
ruwan jiya yana wucewa, ana ganin tsakuwa,
ya tofar da yawu, ya ja mota.

Kwalbar tana kan taga har yau,
ɗan laka ya kwanta a gindinta.
'Yata ta tambaya ko ana sha.
Kakanta ya ce a'a, ana dai kallo.

Daren nan na aika wa ƙanena saƙo Kura
kan tankin feshi da kwata.
Ya amsa da safe:
"To, Yaya. Kuɗin takin fa?"